Adalin da Ba Musulmi Ba ko Azzalumin Musulmi? Daren da Zauren Gidanmu Ya Hana Kowa Barci

Zauren WhatsApp na danginmu ba ya wuce gaisuwar Juma'a, katin biki, sanarwar rasuwa da karo-karon kuɗin asibiti. Ni ce mai kula da shi, wato ni ce mai goge tallan maganin basir da Yaya Direba yake turowa. Wata Alhamis bayan isha'i Auta ya jefo hoto guda, ba mu kwanta ba sai wajen ƙarfe biyu. Na nemi izininsu kafin in kwafo, na cire sunaye, na bar kowa da yadda muke kiransa a gida. Baffa shi ne babban gidanmu na Gangare a nan Jos, Gwaggo ƙanwarsa ce (Yaya take ce masa), mu sauran 'ya'yan wa da ƙani ne. Baffa ba ya rubutu, murya yake turowa, ni na mayar da ita rubutu.

Abin da ke jikin hoton: "Manzon Allah (SAW) ya ce: Allah yana taimakon daula mai adalci ko da kafira ce, kuma ba ya taimakon daula azzaluma ko da musulma ce."

Auta: Magana ta ƙare. Ni daga yau adalin da ba Musulmi ba ya fiye min azzalumin Musulmi, har a akwatin zaɓe.

Ustaz: Auta, goge "Manzon Allah ya ce" tukuna, sannan mu yi magana. Ba hadisi ba ne. Zancen yana cikin risalar da Ibn Taimiyya ya rubuta kan hisba, kuma shi kansa da lafazin "ana ruwaitowa" ya kawo shi, bai jingina wa Annabi ba. Malamin nan a shekara ta 728 bayan hijira ya rasu. Ka san hadisin wanda ya yi wa Annabi ƙarya da gangan, ba sai na tuna maka mazaunin da aka ce ya tanada ba.

Auta: Astagfirullah, turo min aka yi. Na goge. To ma'anar fa, Ustaz? Ƙarya ce?

Baffa: Assalamu alaikum. Wane ne ya kawo wannan shirme cikin dare? Auta ne? Ɗana, jami'a aka tura ka, ba wajen sauya addini ba. Allah da kansa ya ce a Suratu Luƙman, aya ta 13, shirka ita ce zalunci mai girma. To wanda yake ɗauke da zaluncin da ya fi kowane girma, ta ina za ka kira shi adali? Sannan a Suratun Nisa'i Allah ya ce ba zai sanya wa kafirai hanya a kan muminai ba. Kai kuma za ka dangwala yatsanka ka buɗe hanyar da kanka. Musulmi ko ya lalace, goshinsa yana taɓa ƙasa. Naka sai naka.

Ustaz: Allah ya ƙara wa Baffa lafiya. Ayar Luƙman gaskiya ce, babu mai ja. Sai dai malamai sun kasa zalunci gida uku: wanda ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, shi ne shirka, wanda bawa yake wa kansa da saɓo, da wanda yake wa bayin Allah. Na ukun ake nufi a nan. Kuma maganar ba daga sama ta faɗo ba, tana da gindi a Alƙur'ani. Suratu Hud, aya ta 117: Ubangijinka bai kasance zai halaka alƙaryu da zalunci ba alhali mutanensu masu gyarawa ne. Malaman tafsiri Ƙurɗubi da Razi duk sun kawo fassarar cewa "zalunci" a ayar shirka ce. Wato Allah ba ya tumɓuke gari a duniya don shirka kaɗai muddin mutanensa suna ba wa juna haƙƙi, hisabin shirkar yana jiransu a lahira. Ku duba surar da kanta. Mutanen Annabi Shu'aibu, bayan kira zuwa tauhidi, abin da aka fara ja musu kunne a kai shi ne tauye mudu da sikeli.

Gwaggo: Mudu! Allah ya yi maka albarka ɗan nan. Ka je ka auno masara a kasuwa ka dawo gida ka sake aunawa, sannan ka zo mu yi tafsirin.

Ustaz: Kuma Baffa, wannan ba maganar baƙi ba ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kawo 'yar'uwarta a littafinsa Bayanu Wujubil Hijra, wanda ya gama a 1806, ana tsakiyar jihadi: mulki yana ɗorewa tare da kafirci, amma ba ya ɗorewa tare da zalunci.

Baffa: To Shehun, ya je ya yi wa Sarkin Gobir Yunfa mubaya'a ne? Ba hijira ya yi zuwa Gudu a 1804 ya ɗaga tuta ba? Kada ku riƙa tsinto rabin magana. Shehu ya faɗi haka ne yana tsoratar da sarakunan Musulmi, ba yana cewa ku je ku naɗa wani a kanku ba.

Nan dai na ce a raina Baffa ya ci maki. Ustaz ma sai da ya ɗauki mintuna yana rubutu yana gogewa.

Ustaz: Wannan haka yake. Zancen labari ne na yadda sunnar Allah take tafiya a kan dauloli, ba fatawar wanda za a zaɓa ba ce. Duk littafin fiƙihu da ya yi maganar halifa, irin Ahkamus Sulɗaniyya na Mawardi, Musulmi yake nufi, babu saɓani. Amma a lura, cikin sharuɗɗa bakwai da Mawardin ya jera, adalci ya sa a farko. Mu kuma mun riƙe sharaɗin da bai ma tsaya jayayya a kansa ba, mun yar da wanda ya fara ambata.

Barista: Ku yi haƙuri in shigo, yanzu na dawo daga ofis, cunkoson Mararraba ya riƙe ni. Ni tambayata ɗaya ce: halifa muke zaɓe? Gwamna ba ya limancin Idi, ba ya fitar da fatawa. Rantsuwa yake yi a kan kundin tsarin mulki, sashe na 10 ma ya hana kowace gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. Wa'adin shekara huɗu ne, aikinsa albashi, tsaro, asibiti, ruwa, makaranta. Sannan Baffa, mu fa 'yan Filato ne. Daga 1999 zuwa yau, Dariye, Jang, Lalong, Mutfwang, akwai Musulmi a ciki? Duk zaɓen gwamna kana fita tun asuba ka bi layi. Da wane ma'auni kake zaɓe in ba wanda kake zaton zai fi yi mana adalci ba? Abin da Auta ya faɗa da baki, kai shekara da shekaru kana yinsa da yatsa.

Baffa: 'Yata, wannan lalura ce. Wanda yunwa ta sa ya ci mushe ba ya cewa mushe ya fi yankakke daɗi.

Gwaggo: Yaya, ka daina kwatanta mutane da mushe. Maƙwabtanmu ne.

Baffa: Misali ne na fiƙihu, ba zagi ba. Na janye in ya yi nauyi.

Ustaz: Akwai abin da ya fi misalin lalura kusa. A shekara ta biyar da aiko Annabi, da azabar Ƙuraishawa ta yi tsanani, ina ya tura sahabbansa? Habasha. Dalilin da ya bayar kuwa shi ne can akwai sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa. Najjashi a lokacin Kirista ne. Ƙuraishawa suka tura Amru ɗan Asi da kyaututtuka don a dawo da su, sarkin ya ce ba zai miƙa kowa ba sai ya ji ta bakinsu, ya saurari Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, ya mayar da kyautar.

Baffa: Najjashi ai ya musulunta. Annabi ya yi masa sallar gawa daga Madina.

Ustaz: Ya musulunta, Baffa, amma shedar adalcin ta riga musuluntar. Kuma a Sahihu Muslim, shi wannan Amru ɗan Asin, bayan ya zama babban sahabi, ya lissafa halayen Rumawa na kirki guda huɗu, ya ƙara da na biyar da ya kira kyakkyawa: sun fi kowa hana sarakunansu zalunci. Bai ji tsoron a ce ya yabi waɗanda ba Musulmi ba.

Yaya Direba: Ni ban yi karatu mai zurfi ba amma ina bin hanyar Jos zuwa Abuja sau uku a mako. Wallahi akwai wanda ya tsayar da ni da tabon salla a goshinsa kamar an ɗora kwabo, da carbi a hannu, sai da na ba da na goro ya sake ni, takarduna kuwa cikakku. Na ce masa ɗan'uwa Musulmi ne fa, ya ce ai shi ya sa ya yi min ragi. Akwai kuma wanda da kuros a wuyansa ya duba takardu ya ce Allah ya kiyaye hanya. Akasin haka ma na gani, kar a ce na yi son kai. Ni dai a hanya ban taɓa gane mutum ta goshi ba.

Ustaz: Yaya, "na goro" ɗin nan tun zamanin Annabi aka yanke hukuncinsa. Ya tura wani mutum, Ibnul Lutbiyya, karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya ce me ya sa bai zauna a gidan ubansa da uwarsa ba ya ga ko za a kawo masa kyautar. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito.

Yaya Direba: A buga wannan a manna a kowane shingen hanya.

Daga nan Baffa ya turo muryar da ta fi kowace tsawo, minti bakwai. A ganina ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo a daren, kuma har yanzu ban ji an warware ta duka ba.

Baffa: Ku saurare ni, yara. Kun ce Allah yana ba adali nasara ko ba Musulmi ba ne. To Turawa da suka ci Kano da Sakkwato a 1903, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi suka kashe shi, adalai ne? Waɗanda suka shafe ƙauyen Satiru na kusa da Sakkwato a 1906, adalai ne? Kakanku ba yawon buɗe ido ya kawo shi Jos ba. Lokacin yaƙin Hitila aka riƙa ɗibar mutane daga ƙasashen sarakuna ana kawo su haƙar kuza dole, ɗiban gwamna ake ce masa. Ya ba mu labari da bakinsa, mutanen da suka saba da zafin ƙasar Hausa aka zube su cikin sanyin dutsen nan babu bargo, babu abincin kirki, suna mutuwa. Waɗannan ramukan da ruwa ya cika da kuke gani a hanyar Bukuru da Barikin Ladi, su ne gadon da aka bar mana. Masu wannan aikin sun yi shekara kusan sittin suna mulki, suka tafi da ƙafarsu, da faretin ban kwana. Ina rushewar? Ku koma tarihin Musulunci ma. Hajjaju ɗan Yusuf, wanda kowa ya san jinin da ya zubar, shekara ashirin ya yi yana riƙe da Iraƙi, ya mutu a kan shimfiɗarsa. Umaru ɗan Abdul'aziz, adalin da ake misali da shi, shekara biyu da wata biyar. To wanne ya ɗore? Abin da nake tsoro shi ne yaro kamar Auta ya ɗauki maganar nan ya juya ta, ya ga duk ƙasar da ta yi ƙarfi ya ce ai adalcinta ne, duk Musulmin da aka danne ya ce ai zaluncinsa ne. Sai a wayi gari wanda aka kashe shi ne mai laifi.

Auta: Ni ban ce haka ba, Baffa.

Baffa: Ba ka ce ba, amma hanyar can ta nufa.

Ustaz: Wallahi Baffa ya yi gaskiya a nan, kuma na karɓa. Ba a juya maganar. Nasara ba shedar adalci ba ce, in ba haka ba da Fir'auna ma ya samu shekarun da zai kafa hujja da su. Annabawa ma an kashe wasu. Abin da zan ƙara kawai shi ne hadisin da ke Bukhari da Muslim: Allah yana yi wa azzalumi jinkiri, har idan ya kama shi ba ya kuɓuce masa. Sannan Annabi ya karanta aya ta 102 ta wannan Suratu Hud ɗin. Agogon daula ba irin na mutum ɗaya ba ne. Hajjaju ya mutu a shekara ta 95 bayan hijira, daular Banu Umayya da ya yi wa aiki ta faɗi a 132, kuma daga gabas, Khurasan da Iraƙi, guguwar ta taso. Amma ba zan ce wannan ya amsa tambayar kakanmu da ramin kuza ba. Wani hisabin sai can.

Barista: Ni ma na yarda da Baffa rabi. Inda na rabu da shi shi ne, in nasara ba ta tabbatar da adalci, to sunan Musulunci ma ba ya tabbatar da shi.

Auta: Yauwa Anti. Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, jihohi goma sha biyu suka bi layi har da ita. A 2000 aka yanke hannun wani talaka kan satar saniya. Daga ranar zuwa yau, hannun kwamishina nawa aka yanke? Ko duk waliyyai ne?

Baffa: Kul! Kada in ji ka yi wa shari'ar Allah izgili a zauren nan.

Auta: Ba shari'a nake nufi ba, masu riƙe da ita.

Ustaz: To ka faɗe shi da ladabi, don hujjarka tana da ƙarfi, kar ka ɓata ta. Lokacin da wata mata daga Banu Makhzum, gidan manya a Makka, ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaid ya nema mata sassauci. Annabi ya ce abin da ya halaka waɗanda suka gabace ku shi ne idan babba ya yi sata sai su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi sai su tsayar masa da haddi, sannan ya rantse cewa da Faɗima 'yarsa ce da ya yanke hannunta. Ku lura da kalmar "halaka". Bai ce sun bar salla ba. Hukunci mai fuska biyu ya ambata. Kuma Baffa, ba yaran jami'a suka fara wannan kuka ba. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanin Shehu, ana cikin jihadin ya ga wasu sun karkata ga neman mulki da dukiya, ya bar rundunar ya kama hanyar gabas. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Diya'ul Hukkam kan yadda ake mulki. Shehun kansa a Kitabul Farƙi, da zai bambance mulkin Musulunci da wanda ba shi ba, abubuwan da ya lissafa su ne irin su jangali, kuɗin gari, gaisuwar da ake kai wa masu mulki, ƙwace dukiyar talaka, da naɗa mutum don son rai. Ku ɗora wannan jerin a kan zamaninmu ku gani.

Yaya Direba: Gaisuwa! Ashe tsohuwar sana'a ce.

Barista: Almagili ma, malamin nan da ya zo daga Arewacin Afirka, a nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, jumlar da yake ta nanatawa ita ce tushen kowace musiba shi ne shugaba ya ɓuya wa talakawansa.

Yaya Direba: Wanda muka yi wa yaƙin zaɓe a unguwa, sahu ɗaya muke salla da shi. Wata uku da rantsuwa ya canja lamba, ya koma wata unguwa mai geti.

Baffa: Duk na ji. Amma ku ba ku kwashi gawa ba. A rikicin Jos na 2001 kuna yara. A 2008 da 2010 da hannuna na ɗauki mutanen da na sani tun suna goye. Shagona ya tafi a gobarar babbar kasuwar Taminus a 2002, har yau ban miƙe ba. In na ce a riƙe namu, ba ƙin kowa nake ba. Na ga ranar da in babu naka a inda ake yanke shawara, ko sunanka ba a ambata.

Zauren ya yi tsit na ɗan lokaci. Babu wanda bai san abin da Baffa ya gani ba.

Barista: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, Baffa. Ba na musun wakilci, haƙƙinmu ne, kuma zan tsaya a kansa ko a gaban wa. Amma bari in faɗi abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. A Jos idan muka ce wane adali ne, me muke nufi? Ya ba mutanenmu muƙami, ya sa mana kwalta, ya raba shinkafar azumi. Ka tsallaka wancan ɓangaren gari, su ma da wannan mudun suke awo, sai dai shinkafarsu ta Kirsimeti ce. Kowa gawarsa kaɗai yake ƙirgawa. Wannan ba adalci muke nema ba, rabonmu muke nema. Ba laifi ba ne mutum ya nemi rabonsa, amma a kira shi da sunansa.

Ustaz: Alƙur'ani bai bar mana wannan ƙofar ba. Ma'ida, aya ta 8: kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci, ku yi adalci, shi ya fi kusa da taƙawa. Nisa'i, aya ta 135: ku tsaya da adalci, masu sheda don Allah, ko da a kan kanku ne ko iyaye da dangi. Akwai kuma ƙissar da ba a cika jin ta a wa'azi ba. Malaman tafsiri sun ce wani Musulmi a Madina daga gidan Ubairiƙ ya saci sulke, aka nemi ɗora laifin a kan wanda bai ji ba bai gani ba, a ruwaya mafi shahara Bayahude ne. Danginsa suka zo wurin Annabi suna kare nasu. Sai ayoyi suka sauka, daga ta 105 a Suratun Nisa'i, suna cewa kada ka zama mai kare maha'inta. A lokacin da Musulmi suke tsananin bukatar haɗin kai, aka tona asirin na gida aka wanke bare, kuma muna karanta shi a salla har gobe.

Gwaggo: Ni bari in faɗi nawa. A 2001, ranar Juma'ar nan da rikici ya ɓarke, ina can gidan aurena, unguwar da muka fi ƙaranci. Maƙwabciyata 'yar Birom ce ta tura ni da yara uku ƙarƙashin gadonta, ta zauna a bakin ƙofa tana tsinken wake kamar babu komai. Kwana biyu. Ban taɓa tambayarta wa ta zaɓa ba. Kuma kun ji limamin ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, Malam Abubakar Abdullahi, wanda a 2018 ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban masu makami ya ƙi buɗe ƙofa. Waɗannan biyun su ne shugabannin da na gani da idona ko na ji da kunnena. Babu mai jiniya a cikinsu.

Auta: To ni dai a ƙarshe wa zan zaɓa?

Ustaz: Wanda bincikenka ya nuna ya fi ƙarfin aikin da amana, siffofi biyun da ke Suratul Ƙasas, aya ta 26. An tambayi Imamu Ahmad kan kwamandoji biyu, ƙaƙƙarfa mai saɓo da salihi mai rauni, ya ce ƙarfin na farko na Musulmi ne, saɓonsa nasa ne, salihancin na biyu nasa ne, rauninsa kuma a kan Musulmi zai faɗa. Amma kada ka ce na ce maka wannan ya shafi wanda ba Musulmi ba kai tsaye, duka biyun Musulmi ne a tambayar. Malaman zamani sun yi saɓani a kan ƙasa irin tamu, ni kuma ban kai in rufe ƙofar ba.

Baffa: Ni na rufe tawa. In akwai Musulmi a takarda, shi zan dangwala wa, in ya ci amana shi da Allah.

Barista: Shi da Allah, da kuma mu da za mu sha ruwan rijiya shekara huɗu.

Ni dai a nawa ganin, Auta ya yi gaggawa, Baffa kuma ya san abin da yake tsoro, ba a banza yake magana ba. Na fara rubuta cewa dare ya yi, a tashi haka, sai Gwaggo ta riga ni.

Gwaggo: Kafin a watse. Ustaz, ayar nan da ake cewa a mayar da amana ga masu ita, a wace sura take?

Ustaz: Nisa'i ce ita ma, Gwaggo, aya ta 58. Allah yana umartarku ku mayar da amanoni ga masu su, kuma idan za ku yi hukunci tsakanin mutane ku yi da adalci. An ce ta sauka ne ranar buɗe Makka, Annabi ya mayar wa Usmanu ɗan Ɗalha mabuɗin Ka'aba, alhali danginsa na kusa suna so.

Gwaggo: Ayoyin rabon gado fa?

Ustaz: Surar ɗaya ce. Ta 11 da ta 12, da ta ƙarshe.

Gwaggo: Madalla. Yaya, kai ne shugaban da na fi kusa da shi, ban zaɓe ka ba, Allah ne ya ɗora min kai. Shekara tara ke nan da rasuwar Baba. Gidan Gangare da shaguna biyu na bakin titi, kai kake karɓar haya. Mu mata huɗu ne, ɗaya ta rasu ta bar marayu. Duk lokacin da na ɗaga maganar sai ka ce kada a raba kan gida. Ban taɓa kai ka gaban kowa ba, kuma ba zan kai ka ba. Tunda dai yau ana ta jero ayoyi, na ce bari in ji ko sun tsaya a kan gwamna ne kawai.

Babu wanda ya sake cewa uffan. Yaya Direba ya turo hoton hannu biyu na addu'a, ya goge. Auta ya kira ni a waya yana raɗa, wai shi fa ba wannan ya nufa ba, ko in rufe zauren. Na ce masa ya je ya kwanta.

Ina ganin alamar Baffa ya saurara, ya fara ɗaukar murya ya fasa, har sau uku.

Da asuba, ƙarfe biyar da minti arba'in, saƙonsa ya shigo, daƙiƙa goma sha tara.

Baffa: Assalamu alaikum. Asabar bayan la'asar kowa ya zo gida. Ustaz, ka taho da malamin da ya iya lissafin gado, ba kai ba, kai ɗan gida ne. Barista, takardun suna cikin akwatin Baba, ki zo ki duba. Maganar zaɓe kuma ina nan a kan bakana.

Gwaggo: Allah ya kai mu. Zan taho da masa.